RA'AYI: Kamasho ko Amana? Inshorar Lafiyar da Ake Sayar wa Dattawan Kafanchan

A watan Disamba garin Kafanchan kan cika da 'ya'yansa masu aiki a Abuja da Legas da Fatakwal, wasu ma daga ƙetare. Daga Kirsimeti har zuwa bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu gidaje kan raya, kuma a waɗannan kwanaki ne ake yanke shawarwarin da aka yi ta ɗagawa tsawon shekara: gyaran rufin gida, kuɗin makarantar ƙanne, da batun lafiyar Baba da Mama. Ɗan da ya zo ya tarar mahaifinsa yana shan maganin hawan jini yau ya tsallake gobe, don kwalin ya kai shi ƙarshen wata, ba ya buƙatar dogon jawabi kafin ya saurari mai tallar inshorar lafiya. Duk wakilin inshora mai lissafi ya san wannan lokaci, ya kuma san cewa mai biyan kuɗin zai koma Abuja a makon farko na Janairu, ya bar tsoho da kati a aljihu.

Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne shawarar da wakilin ke yankewa a zuciyarsa tun kafin ya buɗe jaka. Ba haja ɗaya ba ce a gabansa. Akwai tsare-tsaren kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda aka fi sani da HMO, da yawansu ba sa karɓar wanda ya haura shekara 60 ko 65 a tsarinsu na gama-gari, sai dai a wani tsari na dattawa mai tsada. Akwai GIFSHIP na Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wanda aka ƙaddamar a 2020 domin ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, har da waɗanda suka yi ritaya. Akwai tsarin taimakekeniya na Jihar Kaduna ƙarƙashin hukumar KADCHMA, wadda aka kafa da dokar 2018. Sannan akwai gurbin da gwamnati ke biya wa masu rauni daga Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko. Cikin waɗannan duka, wanda ya fi kawo wa wakili kamasho shi ne mafi tsada, domin kamasho kaso ne na kuɗin da aka biya. Wanda kuma ya fi dacewa da yawancin tsofaffin Kudancin Kaduna, sau da yawa, shi ne wanda wakili ba zai samu ko sisin kwabo a kansa ba.

Dole a yi wa wakilin adalci. Galibinsu matasa ne da suka gama karatu ba su sami aikin albashi ba, ana ba su adadin da za su sayar a wata, su ne ke sayen man babur da katin waya daga aljihunsu. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, zagaye ɗaya daga Kafanchan zuwa Zonkwa ko Kwoi ko Gwantu yana cin kuɗin da a da yake isar mako guda. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan aka ajiye masa takarda biyu, ɗaya tana biyansa ɗaya ba ta biyansa, ba sai ya kasance mugu ba kafin hannunsa ya karkata. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Laifin farko yana ga yadda aka tsara biyan wakili, kafin a zo ga halin wakilin kansa.

Amma uzuri ba ya goge ɓarna, kuma ɓarnar tana da siffa sananniya. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a ce, irin waɗanda Kafanchan ta tara tun da ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, ko tsohuwar malamar firamare da ta koma gida Gidan Waya bayan shekara 35 tana aiki. Cututtukansu ba na bazata ba ne. Hawan jini ne, ciwon suga ne, ciwon gaɓoɓi, yanar ido, hawan jinin ido, da toshewar fitsari da ke damun dattawa maza. Waɗannan ba sa zuwa su wuce kamar zazzaɓin cizon sauro. Zama suke yi, kuma kowane wata suna neman kuɗin magani. To, a nan ne ƙananan rubutun da ke bayan takardar inshora ke yin aikinsu. Tsare-tsare da dama suna sanya wa'adin jira na watanni, wani lokaci har shekara guda, kafin su ɗauki nauyin cutar da mutum ya shigo da ita ko kafin su biya kuɗin tiyata. Wasu suna ƙayyade adadin kuɗin maganin cuta mai daɗewa da za a ba mutum a shekara, adadin da kan ƙare tun kafin damina ta tsaya. Wankin ƙoda da maganin ciwon daji kuwa, ko dai a cire su gaba ɗaya, ko a ba da kaɗan a ce an gama. Tsoho ba ya sanin wannan sai ranar da ya miƙa kati a tagar asibiti aka ce masa ya kira kamfani a ba shi lambar izini.

A ranar ba sunan kamfanin da ke Legas yake tunawa ba. Yaron da ya zauna a tabarmarsa ya sha ruwan gidansa yake tunawa, da gidan da yaron ya fito, da cocin ko masallacin da iyayensa ke zuwa. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A gari irin Kafanchan, inda Bajju da Atyap da Fantswam da Ham da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa ke cin kasuwa ɗaya, labarin kati ɗaya da ya ƙi aiki kan zagaye unguwa cikin mako guda, ya kuma rufe ƙofa ga duk wani mai tallar inshora da zai zo bayan nan, har da na gaskiya. Wakilin da ya ci kamasho mai tsoka sau ɗaya ya sayar da shekara biyar na sana'arsa, ya haɗa da ta abokan aikinsa.

Ma'aunin da ya kamata wakili ya riƙe ba mai wuya ba ne, kuma yana farawa ne da taswira kafin farashi. Ina asibitin da zai karɓi wannan kati, kuma tsoho zai iya isa can da babur ko Keke a rana ɗaya ya dawo gida? Takardar tallar kamfani tana iya lissafa ɗaruruwan asibitoci, amma idan yawancinsu a Legas da Abuja suke, biyu ko uku a Jos da Kaduna, to ga mazaunin Godogodo wannan jeri ado ne kawai. Zuwa Jos ko Kaduna tafiyar sa'o'i ce, da kuɗin motar mutum biyu, tunda tsoho ba ya tafiya shi kaɗai, da kuɗin kwana, da fargabar hanya wadda mutanen yankin ba sa buƙatar a yi masu bayaninta. Inshorar da ke biyan ganin likita amma take buƙatar kuɗin motar da ya ninka kuɗin ganin likitan, an ƙwace da hagu ne abin da aka bayar da dama. Kuma bai wadatar wakili ya ga sunan asibiti a jeri ba. Ya kamata ya taka da ƙafarsa ya tambayi mai karɓar kuɗi ko har yanzu suna amsar katin wannan kamfani, domin asibitocin da kamfanoni suka riƙe wa kuɗi kan daina karɓar marasa lafiyarsu shiru, ba sanarwa.

Bayan taswira sai magani. Ga wanda ya haura 60, kwanciya asibiti abu ne da kan faru jefi-jefi, amma sayen magani na kowane wata ne. Tun da darajar Naira ta faɗi a tsakiyar 2023, kuma kamfanin GSK ya sanar a watan Agusta na shekarar cewa zai daina sayar da magungunansa kai-tsaye a Najeriya, farashin magunguna ya yi tashin da albashi bai yi ba, balle fansho. A wannan shekarar ce kuma cutar citta ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a, ta tafi da kuɗin da iyalai da dama ke ajiyewa don irin wannan rana. Tsarin da ke ba tsoho maganin hawan jininsa da na suga a kan kari, a wurin da zai iya zuwa da ƙafa, ya fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan tsarin da ke alƙawarin ɗaki na musamman mai na'urar sanyaya iska a asibitin da ba zai taɓa gani ba. Hawan jinin da aka riƙe da ƙwaya guda kullum shi ne shanyewar ɓarin jikin da ba ta faru ba, kuma babu inshorar da ke iya biyan abin da wannan cuta ke yi wa gida.

Idan aka ɗora waɗannan ma'aunai biyu, sakamakon ba ya fita iri ɗaya ga kowa, kuma wannan ne ya sa sana'ar take buƙatar mai hankali. Tsohon babban jami'in da ke raba shekararsa tsakanin Kafanchan da gidan 'yarsa a Abuja, wanda 'ya'yansa za su iya biyan kuɗin shekara ba tare da sun ci bashi ba, tsarin kamfani mai zaman kansa na iya yi masa daidai, kuma babu aibi wakili ya sayar masa ya ci la'adarsa halal. Amma gwauruwar da ke zaune a ƙauye da jikoki, wadda ɗanta direba ne a Kaduna, tsarin da ya dace da ita shi ne na jiha ko gurbin masu rauni, a cibiyar lafiya ta mazaɓarta. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma manufar da aka daɗe ana bi ita ce kowace ta sami cibiyar lafiya ɗaya a matakin farko mai aiki. Wakilin da ya lallashi ɗan wannan mata ya ciwo bashi ya sayi tsari mai tsada, ya san sarai ba za a sabunta shi baɗi ba. Idan kuwa ba a sabunta ba, wa'adin jiran da aka sha wahalar cikawa ya tafi a banza, an biya kuɗin shekarar da katin bai da amfani, an fita daidai lokacin da zai fara amfani.

Kada a ɗauka tsarin gwamnati ba shi da tabo. Kowa ya san dogon layi, da amsar nan ta “babu magani, je ka saya a kemis”, da kallon da wasu ma'aikata ke yi wa mai kati idan ga mai tsabar kuɗi a bayansa. Sama da shekara goma asibitoci suna karɓar Naira 750 a wata kan kowane mai rajista a tsarin ƙasa, har sai da aka ƙara kuɗin a 2024, kuma wanda aka biya kaɗan ba ya hidima da fara'a. Wakili na gari ba zai ɓoye wannan ba. Zai faɗa wa iyali cewa katin gwamnati zai rage nauyi, ba zai ɗauke shi duka ba, kuma su ajiye wani abu a gefe, ko ta adashi ko ta asusun ƙungiya, don ranar da aka ce babu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Zalunci shi ne a sayar wa mutum rariya a ce masa ƙwarya ce.

Wannan matsala ba ta Najeriya kaɗai ba ce, kuma abin da ya faru a Amurka ya isa darasi. A can gwamnati ta kafa Medicare a 1965 domin 'yan shekara 65 zuwa sama, daga baya aka ba kamfanoni damar gudanar da wani reshe nasa mai suna Medicare Advantage, wanda a yau ya ɗauki fiye da rabin waɗanda suka cancanta. Kowace shekara daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba dillalai kan yi wa tsofaffi ca, kuma duk da cewa hukuma ce ke ƙayyade iyakar kamashon da za a biya, ƙorafin yaudara ya yi yawa har wani kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar ya fitar da rahoto a kai a 2022, aka kuma wajabta naɗar muryar cinikin da ake yi ta waya. Wani abin lura shi ne, a 'yan shekarun nan wasu kamfanonin can, idan suka ga wani tsari yana jawo masu tsofaffi masu yawan jinya, ba sa soke shi. Sai su daina biyan kamasho a kansa, dillalai su daina ambatonsa, ya mutu a tsaye. Ma'ana, kamasho linzami ne, kuma duk wanda ya riƙe shi ya riƙe inda tsofaffi za su dosa. Idan ƙasa mai ƙarfin hukuma irin wannan tana fama, ƙasar da mai talla zai iya buga kati ya fara yawo ba tare da wani ya tambaye shi lasisi ba sai ta ninka hattara.

Ghana ta bi wata hanya. Tsarin inshorar lafiyarta na ƙasa, wanda aka kafa a 2003, ya yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama biyan kuɗin zubi. Tsarin yana da nasa matsalolin bashi da jinkirin biyan asibitoci, amma ya cire tsoho talaka daga kasuwar ciniki, ya mayar da rajistarsa hakki.

A takarda, Najeriya ma ta yi wannan alƙawari. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar NHIA da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayu na 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman ga masu rauni, inda ta ambaci tsofaffi da sunansu, a lokacin ana maganar mutum miliyan 83. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyata yake fita. Mafi ɗaci ma, ma'aikacin da aka yi ta cirar kuɗin inshora daga albashinsa lokacin yana da ƙarfi, yakan tarar kariyar ta tsaya ranar da ya miƙa makullin ofis, wato daidai lokacin da jiki ya fara neman ta. A cikin wannan giɓi ne kasuwar wakilai ta tsiro.

Saboda haka gyaran ba wa'azi ga wakilai ba ne, lissafi ne. Muddin tsarin jiha ba ya biyan wanda ya kawo masa tsoho, to tsarin jiha zai ci gaba da zama a ƙasan jaka. Babu abin da zai hana KADCHMA ta yi wa wakilai masu zaman kansu rajista a kowace ƙaramar hukuma, ta ba su lamba da katin shaida, ta biya su ɗan lada tsayayye kan kowane dattijon da suka shigar, ta kuma riƙe kaso mafi girma sai ranar da aka sabunta rajistar a shekara ta biyu. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan maganar, kuma ya kamata NHIA ta ɗora shi a kan kamfanonin HMO su ma. Wakilin da ya san rabin kuɗinsa yana jiran baɗi zai koma gidan tsoho a watan Yuni ya tambaya ko an ba shi magani, zai kira kamfani idan an hana lambar izini, kuma ba zai sayar wa direba abin da ya san ba zai iya sake biya ba. Buƙatarsa da ta tsoho sun zama ɗaya ke nan, ba tare da an roƙe shi tsoron Allah ba.

Na biyu, a wajabta takarda guda mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, tunda Hausa ce harshen kasuwa a duk Kudancin Kaduna, wadda za ta faɗi asibitoci uku mafi kusa da gidan mai rajista, da cututtukan da ba a biya, da tsawon wa'adin jira, da iyakar kuɗin magani a shekara, da nawa wakili zai samu a wannan ciniki. Kamfanoni za su ce bayyana kamasho zai kashe kasuwa. A kasuwar shanu da ta hatsi kowa ya san la'adar dillali, kuma ba a taɓa jin ta hana ciniki ba. A karanta wannan takarda a gaban tsohon da kansa, ba a gaban ɗansa kawai ba, domin a wannan ciniki mai saye daban ne, mai amfani daban, kuma shi mai amfanin ne ake yawan mantawa a tambaya ko wane asibiti ya saba da shi, wane likita ya san tarihinsa.

Ƙungiyoyin gari suna da ƙarfin da ba su fara amfani da shi ba. Ƙungiyar 'yan fansho, da Zumuntar Mata a coci-coci, da kwamitocin masallatai, da ƙungiyoyin manoman citta, duk suna iya shiga a dunƙule, kuma wanda ya zo da mutum ɗari biyu yana da bakin tambaya da wanda ya zo shi kaɗai ba shi da shi. Ƙungiya tana iya kiran wakilai biyu ko uku su yi bayani a zama ɗaya, ta sa tsohuwar ma'aikaciyar jinya a cikinta, waɗanda garin da ke da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma bai rasa ba, ta yi masu tambayoyin da tsoho zai ji nauyin yi. Ga waɗanda ke da shakkar addini game da inshora, bayanin cewa tsarin jiha taimakekeniya ne, kowa ya zuba kaɗan a taimaki wanda ya kwanta, ya fi shiga idan ya fito daga bakin limami ko fasto.

Lokacin ma ya dace. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da mayar da babban asibitin Kafanchan, mai ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Idan ƙwararrun likitoci suka zauna a garin, tiyatar da a da sai an je Jos ko Kaduna ko Shika za ta dawo kusa, taswirar da aka yi magana a kanta za ta sauya, kamfanonin da ba su taɓa waiwayar yankin ba kuma za su turo wakilansu da sababbin takardu masu sheƙi. Wace inshora wannan asibiti zai karɓa, da wane sharaɗi ake tura majiyyaci zuwa can daga cibiyar mazaɓa, da nawa tsoho zai ƙara daga aljihunsa, tambayoyi ne da ya kamata KADCHMA da NHIA da shugabannin asibitin su amsa a rubuce, a liƙa a ƙofa, kafin 'ya'yan gari su sake dawowa hutun Disamba da kuɗi a hannu.